Rahila Tana Barci a Sito

Ranar Talata ce, damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo. Na iso makaranta bakwai da rabi, na share ajina, na tsaya bakin ƙofa kamar kullum. Aji uku nake koyarwa, a wani ƙauye can bayan Bwari. Sunansa ba zai amfane ku ba, yanzu ko kaza babu a cikinsa.

Ni yaro ba ya shiga ajina sai na tambaye shi. Ba gaisuwa nake nufi ba, don ɗan mutanenmu ko gidansu ne ya ƙone, lafiya lau zai ce maka. Kai tsaye nake tambaya: ka ci abinci? Ka yi barci? Me ke damunka? A wata bita da aka kai mu Gwagwalada na koyo haka. Sauran malamai suna tsokanata, wai Anti ta zama likita. Su yi ta yi. Ni dai na san cikin da babu komai ba ya ɗaukar lissafi. Wanda bai ci ba, ina da gari da ƙuli-ƙuli a durowa. Wanda bai yi barci ba, in kai shi sito, wani ɗan ɗaki a jikin ofishin hedimasta, in shimfiɗa masa tabarma. Ya samu awa guda, ya dawo mu yi karatu.

A safiyar nan Sani ya ce ƙaya ta soke shi, na duba ƙafar, ta kumbura. Sai Rahila, 'yar shekara takwas, uwarta itace take sayarwa. Idanunta jawur. Ta ce a gona suka kwana, Mama ta ji babura. Ba su kaɗai ba, a makon nan gidaje da yawa haka suke yi. Ƙarfe takwas na kai ta sito. Ta cire takalmanta ta kwanta, na ja mata ƙofa saboda hayaniya.

Tara saura kwata karnuka suka fara haushi ta yamma. Sannan ƙarar babura, da yawa, a tare. Alli na hannuna aka yi harbin farko. Na biyu ya daki kwanon rufi.

Hedimasta ya faɗo ajin. "Ta taga! Ku shiga gona! Kada kowa ya bi hanya!"

Tagoginmu ba su da ƙarfe. Na riƙa ɗaga yara ina cilla su waje kamar dammunan dawa. Sani na goya, tunda na san ba zai iya gudu ba. Mutane suna tambayata ko mantawa na yi da Rahila. Wallahi ban manta ba. Tsakanin ajina da sito akwai filin ƙwallo, babura kuwa sun riga sun shigo bakin filin. Na ce wa hedimasta, "Rahila tana sito!" Ya juya ya fita ta ƙofa.

Muka faɗa cikin masara. Ganye yana yankan fuska. Yara sun riƙe mini zane ta ko'ina, har ya kusa kwancewa. A bayanmu ana ihu, "Ku tsaya! Ku kwanta!" Na ji harbi uku daga wajen ofis. Ban waiwaya ba.

Wajen ƙarfe goma muka kai rafi. Ya ciko, ruwa har ƙirjina. Na tsallakar da su bibbiyu, manyan suna riƙe ƙanana. A hayin muka kwanta cikin ciyawa. Tururuwa na cizo, babu mai motsi. Wata yarinya ta fara kuka, na toshe mata baki da tafin hannuna har ta cije ni. Daga nan muna hango hayaƙi. Na riƙa ce wa kaina barcin Rahila nauyi ne da shi, wataƙila ba ta farka ba, wataƙila ba su buɗe ƙofar ba.

Azahar ta wuce kafin ƙarar babura ta yi nisa. Muka tashi muka yi ta tafiya. Yunwa, ƙishirwa, ga Sani a bayana ya yi zafi rau. Bayan la'asar muka fito titi. Motoci suna wucewa, babu mai tsayawa, ban ga laifinsu ba. Daga ƙarshe wani mai motar gawayi ya taka birki. Na ce, "Oga, don Allah." Ya kalli yaran, ya buɗe baya. A Dei-Dei ya sauke mu, mun yi baƙi ƙirin da gawayi. Can iyaye suka riƙa zuwa, kowa yana laluben nasa. Maman Rahila ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi. Ni na kasa ɗaga kai.

Da maza suka koma da sojoji, sun tarar da hedimasta kwance a filin, kusa da ofis. Allah ya jiƙansa. Ƙofar sito a buɗe. Tabarma na nan, takalma na nan. Babu jini, babu Rahila. Wani tsoho ya ce ya ga yara a kan babura. Daga baya an kira wasu iyaye a waya, wasu yaran sun dawo. Maman Rahila ba a taɓa kiranta ba.

Yanzu a Karmo nake, ɗaki ɗaya da ƙanwata da 'ya'yanta. Na samu koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi. Ina tsayawa bakin ƙofa, ina tambayar, amma na gaji, gajiyar da barci ba ya warewa.

Maman Rahila ma Karmo ta dawo, tana tallan itacenta. Na daɗe ina canja hanya saboda ita. Ran nan ta same ni a bakin makaranta bayan an tashi. Ta sauke kayanta, muka gaisa.

Ta ce, "Anti, ke ce kika yi magana da ita ƙarshe. Me ta ce miki?"

Na faɗa mata.

Can ta ce, "To ta samu ta yi barcin?"

Na ce ta samu, kafin in ja ƙofa ma ta fara.

Ta gyaɗa kai. Na taya ta ɗora itacen, ta tafi. Da yanzu Rahila tana aji biyar.