Muttaƙa na Gidan Alhaji Goni

Muttaƙa mutumin wani ɗan ƙauye ne kusa da Dogo-Dogo. Shekarar da fara ta cinye musu gero ya zo Magariya yana saurayi, babu uwa babu uba, da taguwa ɗaya a wuyansa. Wanda ya tsince shi a bakin kasuwa Alhaji Goni ne, wani Babarbare mai sayen gyaɗa yana kai wa kamfanin Turawa. Ya ba shi wurin kwana a zaure, ya sa a riƙa fito masa da tuwo. Da ya isa aure, Alhaji ne ya shige gaba aka nemo masa Hinda, shi ne kuma ya yanka rago ranar sunan 'yarsu Ramatu. Tun daga nan Muttaƙa ba ya ce masa komai sai Baba.

Aikinsa dako ne. In kaka ta yi, manoma su zo da gyaɗa a jakuna, a auna, a ɗinke buhuna, 'yan dako su ɗora gammo su hau katako da buhu a ka har saman tsibi. Muttaƙa ba mai magana ba ne, amma in ya hau katakon nan yana ɗan waƙa ta hanci, ana gane shi ko daga nesa. Ana biyansu da yamma bayan la'asar, shi kuwa ba ya ƙirga nasa a gaban Alhaji, sai dai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Gab da ƙarshen mulkin Faransi sai ga doka, wai duk mai ma'aikata sai ya biya asiransi a kan kowane mutum, don in ya ji rauni a bakin aiki a ba shi diyya. Manyan kamfanoni suka biya, ba su ji komai ba. Irin su Alhaji Goni kuwa abin ya zo musu a wuya, don a shekarar kamfani ya rage musu la'ada.

Alhaji ya tara su a gindin ma'auni, ya ce, "Na biya lanho, harajin kai, na biya fatanti, harajin ciniki, yanzu kuma in biya kuɗin ciwon da ba a ji ba tukuna? In na biya wannan, ma'aunin nan ya tashi. An ce dokar ba ta hau kan 'ya'yan mutum ba. To ni ba ni da ma'aikata, 'ya'ya gare ni."

Illa, wani ɗan dako mai barkwanci, ya ce, "Ashe mu Barebari ne ba mu sani ba! To Baba, a kira wanzami ya yi mana tsage."

Aka yi dariya, har da Alhaji. Muttaƙa ma ya yi murmushi, don shi bai ji an faɗi ƙarya ba.

Kaka ta biye, wani hantsi, katakon ya tsage Muttaƙa yana tsakiya. Ya faɗo, buhun ya bi shi ya danne masa kwankwaso. Alhaji ya so a kai shi wurin maɗori a Bande, amma direban kamiyon, babbar motar kamfani, ya riga ya ɗauke shi zuwa likita, wato asibiti. Daga likita labari ya kai biro, wato ofishin hukuma, aka ce Baturen da ke duba sha'anin ma'aikata zai zo daga Damagaram ya ji ta bakinsa.

Hinda ta zauna a gefen gadon tana yi masa fifita, ta ce, "Malam, in ya zo ka faɗi abin da yake. Lebura kake, ana biyan ka. Mijin Saratu maƙwabciyarmu, leburan kamfani, yatsu kawai inji ya cinye masa, ga shi nan har yau yana zuwa biro yana karɓa. Kai likita ya ce ba za ka sake ɗaukar ko tulu ba. Me za mu ci?"

Illa ya zo dubiya, wannan karon babu wasa a bakinsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni ba na ce ka yi kaza ba. Amma in ka ce lebura, tara za su ci Alhaji, su rufe ma'auni. Dukanmu a nan muke ci."

Alhaji kuwa kullum sai ya zo da fura da goro, ya zauna ya yi masa addu'a ya tofa masa, ya tashi. Bai taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Wannan shirun ya fi damun Muttaƙa. Da ya roƙe shi, wataƙila da ya iya ƙi.

Ranar da Baturen ya zo, da tafintansa ya zo, aka kuma kira Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa. Tafintan ya ce, "Yana tambaya, dattijon nan ɗaukar ka aiki ya yi, ko kuwa ɗan gidansa ne kai?" Sai ya rage murya ya ƙara nasa, "Malam, ka yi tunani. Abin da ka faɗa shi ke nan, ba a sakewa."

Muttaƙa ya dubi Hinda, ta ƙura masa ido. Ya dubi bakin ƙofa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya tuɓe takalmansa a waje kamar mai shiga masallaci. A inda Muttaƙa ya tashi, mutum ba ya duban wanda ya ci da shi ya yi masa aure, a gaban baƙo, ya ce babu komai tsakaninsu sai kuɗi.

Ya ce, "Ubana ne. Aikin gidanmu nake yi."

Baturen ya ɗaga kafaɗa ya fita. Hinda ta ja mayafi ta rufe fuska.

Gaskiya Alhaji Goni bai yar da shi ba muddin ransa. Hatsi na zuwa, kayan salla na zuwa. Sai dai abin da aka gudar wa Alhaji bai fasa zuwa ba. Biro ta sa masa ido, dole ya fara biyan asiransin, ya sallami rabin 'yan dako don ya iya. Illa na cikin waɗanda aka sallama, ya ƙetara Daura neman aiki, ba a sake ganinsa ba. Ciniki ya yi ta ja da baya, Alhaji ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa.

Muttaƙa ya ja jiki da sanduna biyu ya zauna a zaure cikin masu karɓar gaisuwa har aka yi sadakar arba'in. Da malamai suka zo rabon gado, aka kira 'ya'ya maza da mata, shi yana zaune. Babu wanda ya zalunce shi, shari'a ce, shi ma ya sani. Wada, babban ɗan marigayin, ya miƙo masa tsohuwar babbar riga, ya ce, "Yaya, ga ta Baba ka sa albarka. Ɗakin da kuke ciki kuwa ya faɗo a rabon ƙanwata Gimbiya, mijinta na so bayan damina."

Hinda ta matsa masa har ya je biro a kan jaki. Aka ce masa magana ta mutu, shi da bakinsa ya kashe ta.

Suka koma Bande wurin wan Hinda. Ya koyi tufka igiyar kaba, ran kasuwa a kai shi a zaunar a inuwar gawo ya sayar. Ita kuma tana matsar man gyaɗa tana ƙuli. Ramatu ta yi aure ba tare da uban ya iya sayen ko tasa ɗaya ba, abin da ya sa shi kuka a gaban mutane ke nan. Bai taɓa zagin Alhaji ba, in aka ambace shi addu'a yake yi masa.

A ciwonsa na ƙarshe Hinda na ba shi kunu, ta tambaye shi abin da ta daɗe tana riƙewa. Ta ce, "Malam, da za a dawo da Baturen nan yau, me za ka ce masa?"

 Ya ce, "Ki yafe mini, Hinda. Baba yana tsaye a wurin. Da wane baki?"

Ta ce ta yafe. An binne shi a Bande, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.