Sakin da Baba Ladan ya so yi kahin hawa jirgi

Har gobe ban mance ranad da Baba Ladan na Rimawa yaz zo lamba ba. Zamanin Turawa na, dab da mulkin kai, ina ƙaramin malamin lamba a asibitin Goronyo. Aikina shi na in karce dantsen maniyyaci in ɗiga maganin agana, bayan mako shi dawo in duba ko ta kama, sannan babban malaminmu shi sa hannu, mutum shi wuce Kano shi hau jirgin Jidda.

Ni kau lokacin jirgin sama ya shiga raina. Ban taɓa ganin shi ƙasa ba, amma duk direban da yaf fito Kano sai na tare shi da tambaya, har anka laƙaba min Ɗan Jirgi.

Ina goge ma Baba Ladan dantse sai tsohon yac ce, "Ɗana, yi maza, ina son in ga alƙali. Sakin iyalina za ni yi."

"Subhanallahi! Baba, mi ta yi?"

"Ba ta yi komi ba. Ubana da ƙahwa yat tahi Makka, uwata ta tsuhwa tana jiran shi, ba aure ba saki. Ba ni yi ma Hajo haka."

Da can haka mutanenmu ka yi, mai tahiya gabas shi raba dukiya, shi sallami iyali, don shekaru aka yi a hanya. Sai niz zabura! Nic ce Kano zuwa Jidda mil dubu biyu na da 'yan kai, jirgi na sauka Hartum shi sha mai, duka tahiyar ba ta wuce yini da ɗan dare. Har da zana mishi hanya a ƙasa da tsinke.

Yad dube ni yac ce, "Ɗan Jirgi, ka taɓa hawa?"

"A'a, Baba."

"To rufe min baki. Mil ɗin ga naka, jaki na cin shi?"

Maniyyatan da ka jiran layi sunka kwashe da dariya. Babban malaminmu yal leƙo yac ce in bar surutu in yi aikina.

Ashe Inna Hajo, matatai, tana bakin ƙohwa tana jin mu. Tac ce, "Yaro, ni ban san mil ba. Geron da munka shuka da ruwan fari, shina dawowa kahin a yanke shi?"

Nic ce, "Inna, in Allah ya yarda ko kai bai hidda ba sosai za ki gan shi."

Taj juya ga mijinta. "Ka ji. In anka ɗaure dammunan gero ba ka dawo ba, ni da kaina za ni ga alƙali. Kahin nan riƙe sakinka, ba ni so."

Tsoho yam miƙo min dantse yac ce, "Karce."

Ya dawo ana tumu, gero bai kai yanka ba. Da aurensu Allah yak karɓi abinai, shekaru bayan nan.

Ku da ka aiki da mutanen ƙauye yanzu, ni abin da nik koya ke nan: na zo da mil, tsohuwa ta zo da gero, kuma nata awon shi ya hana a kashe aure. In za ku gaya ma mutum nisa, ku auna mishi da abin da ke gonatai.