Kocin da Ba Ya Cire Yaro a Kan Kuskure

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma, dogonmu da gajerenmu. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Koci, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwandon da ɗana yake yi wa wasa. Ana tsakiyar atisaye ya miƙa wa mataimakinsa usur, ya je ƙarshen benci ya zauna, ya jingina kansa da bango. Yaran sun ɗauka hutawa yake yi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Labarin ya same ni ina tsugune a bayan firjin wata mata. Gyaran firji ne sana'ata, karatuna kuwa ya tsaya ne a inda malamai suka gaji da ni, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Ɗana ne ya kira, wanda mamansa ta sa wa Tsani tun yana ƙarami saboda shi ke sauko mata da kaya daga saman kabad. Ya ce, "Baba, Koci ya rasu." Na yi salati, na yi maka addu'a, Koci. Ina ajiye waya sai na ce a raina: to yanzu wa zai tsaya wa yaron nan?

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar ke shiga fili, sauran suna benci suna jiran a kira su. Tsani kaka biyu ke nan yana cikin masu jiran. Kwantiraginsa zai ƙare da ƙarewar kakar bana, mai kulob kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa zai sallami wasu 'yan benci ya sayo babban ɗan wasa daga waje. Yaro ya ajiye karatu saboda ƙwallon nan, ga matarsa da tsohon ciki. In aka sallame shi sai dai ya dawo shago ya riƙe mini sukudireba, shi da ko a kwance ba zai shiga bayan firji ba. Kowa ya san kai kaɗai ne kake cewa a bar shi.

Ni da kai ba da daɗi muka fara ba. Kana da wata ɗabi'a da ta kusa sa mini hawan jini. Ka sa yaro daga benci, ya zubar da ƙwallo, ya jefa ta wuce kwando, 'yan kallo su yi ta ihu a cire shi, kai kana tsaye da tawul a kafaɗa kamar ba da kai ake ba. Amma da zarar ya yi abin kirki, ya ƙwace ƙwallo ko ya ci kwando ɗaya mai kyau, jama'a sun fara tafi, ni na miƙe ina gaya wa na kusa da ni cewa ni na haife shi, sai ka ɗaga hannu a yi canji. Yaro ya dawo benci, ni kuma in zauna da bakina a buɗe.

Na yi ta neman hanyar da zan same ka, sai kai ka neme ni. Firjin da kuke ajiye ƙanƙarar gwiwoyin 'yan wasa a ɗakin canza kaya ya daina sanyi, ka ce wa Tsani ya kira babansa. Na zo na gyara, na goge hannu, na ce, "Koci, ni fa firji na sani. Abin da aka daɗe ana ajiyewa a sanyi, ƙarshensa zubarwa ake yi."

Ka yi dariya har ka dafa bango. Sannan ka ce, "Baban Tsani, in na cire shi lokacin da ya yi ɓarna, da ɓarnar zai zauna a benci ya yi ta tauna ta har sati. Gobe in na sa shi, ni zai riƙa kallo maimakon ƙwallo. Shi ya sa nake barinsa ya share abin da ya zubar. Da ya share sai in cire shi, ya zauna da daɗin a bakinsa."

Na tambaye ka idan kafin ya gama sharar an cinye ku fa? Ka ce to ai kai za a kora, shi yana da sauran shekaru.

Kuma an cinye ku ɗin, ba sau ɗaya ba. Na ji zagin da aka yi maka a rediyo, na ga mai kulob ya wuce ka a ƙofa ko gaisuwarka bai amsa ba. Har yau ban ce na yarda da kai ɗari bisa ɗari ba, akwai wasannin da da ni ne da tuni na fizge yaron. Amma ni ba a taɓa ba ni ko ƙungiyar unguwa ba, kuma da alama masu bayarwar sun san abin da suke yi.

A ranar gyaran firjin nan na ga abin da 'yan kallo ba sa gani. In an tashi wasa, jama'a sun watse, manyan 'yan wasa sun tafi wanka, sai ka tara duk wanda bai shiga ba ko ya shiga kaɗan, ka raba su gida biyu su buga nasu wasan a zauren da ba kowa. Kai ne alƙali, kana bin su da gudu da tsufanka, kana hura usur kamar kofi ake nema. Ka ce mini bai kamata mutum ya sa riga ya koma gida da ita a bushe ba. Lokacin da Tsani ya gurɗe a idon sawu, ka shimfiɗa tawul ɗinka a wurin zamansa a benci, ka hana kowa zama har ya warke. Ni ma ka yi mini alheri irin naka. Ka ba ni kujera ta musamman can sama kusa da fanka, ka ce daga nan ake ganin wasa sosai. Na yi ta yi wa abokai alfahari, sai da aka daɗe na gane wuri ka zaɓa inda muryata ba za ta kai fili ba.

Da muka je gaisuwa gidanka, na ba mai ɗakinka labarin ɗabi'ar nan taka. Ta share hawaye ta ce, "Ai ni ma da yana cire mutum a kan kuskure, da tun shekarar farko na koma gidanmu." Muka yi dariya a gidan makoki, Allah Ya yafe mana.

An ɗage wasanku na gaba zuwa Asabar ta sama. Wanda aka ci a wasan, kakarsa ta ƙare. Ragama ta koma hannun mataimakinka, wanda yara ke kira Ƙaramin Koci, matashi mai iyali wanda shi ma yake fatan a tabbatar masa da kujerarka, kuma mai tabbatarwar shi ne mai kulob. Duk satin Tsani bai ci abincin kirki ba. Mamansa ta ce in yi masa magana, na je na zauna kusa da shi.

Ranar Asabar ban hau sama ba, tun da babu mai korata can. Na zauna a bayan mai kulob, shi kuma yana bayan benci, kusa har yana iya taɓa kafaɗar Ƙaramin Koci. Kujerarka tana nan, an ɗora mata tawul. Aka yi shiru don tunawa da kai, aka fara.

Zango biyu cikin huɗun wasan suka wuce, Tsani bai motsa ba. Ƙaramin Koci ya riƙe manyan nan biyar yana ta matsa su kamar lemo, canjin da ya yi bai taka kara ya karya ba. Na ce shi ke nan, tsoro ya kama shi, kuma ban ga laifinsa ba. A zango na uku kyaftin ya yi laifi na huɗu, saura ɗaya alƙali ya fitar da shi gaba ɗaya, dole a zaunar da shi a adana shi don ƙarshe. Muna gaba da ɗan abin da bai kai a yi magana ba. Ƙaramin Koci ya bi benci da kallo tun daga farko har ƙarshe, ya kira Tsani.

Ƙwallon farko da aka ba shi ta zame daga hannunsa kamar sabulu, abokan karawa suka ɗauka suka ci. Aka sake ba shi, ya miƙa wa wanda ba nasu ba, suka sake ci, suka wuce mu. Zaure ya ɗauki ihu. Wani a bayana ya tambaya ɗan gidan uban wa ne wannan, na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Aka yi masa keta, aka ba shi jifa biyu ba mai tare shi, duka biyun suka daki ƙarfen kwando suka dawo. Sai na ga ya juya yana kallon benci, daidai kujerar da tawul yake kai.

Mai kulob ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Ƙaramin Koci. Shi kuma ya miƙe, ya kira wani yaro ya tura shi teburin alƙalai a yi canji. Wallahi har na fara tunanin inda zan faɗaɗa a shago. Aka busa, Tsani ya fara takowa waje kansa a ƙasa. Ƙaramin Koci ya ɗaga masa hannu ya koma, ya nuna wani daban, wanda ya gaji yana haki tun ɗazu.

Mai kulob ya ce, da ƙarfin da har ni na ji, "Wancan dogon na ce ka cire."

Ƙaramin Koci bai juyo ba. Ya ce, "Yallaɓai, bai gama shara ba."

Ba zan yi ƙarya a ta'aziyya ba, Tsani bai zama wani gwarzo ba ranar. Ya sake yin wani ɗan shirme, mai kulob ya harɗe hannu. Can sai babban ɗan wasansu ya taso zai zura ƙwallo a kwando, Tsani ya miƙa hannun nan da yake sauko wa mamansa da kaya ya doke ta. Ya bi ta da gudu har ɗaya gefen, aka ba shi, ya saka. Zaure ya tashi, wanda ya zage ni ɗazu yana dukan bayana. Kafin tafin ya lafa, Ƙaramin Koci ya ɗaga hannu a yi canji, Tsani ya fito, kyaftin ya koma. Abin da na yi shekara biyu ina zaginka a kai ke nan, Koci, ranar kuwa rufe fuska na yi da hula.

Kyaftin ya shiga da hutunsa ya ƙarasa aikin, muka ci da ƙyar. Ana tashi mai kulob ya kira Ƙaramin Koci ofis, aka rufe ƙofa. Na zauna ina jiran in ji ko wa za a fara kora. Jama'a suka watse. Sai na ga 'yan bencin nan sun miƙe ba wanda ya ce musu, sun raba kansu gida biyu sun fara wasansu. Babu alƙali, wanda ya yi laifi shi ke ɗaga hannu da kansa. Suna cikin yi aka buɗe ƙofar ofis, mai kulob ya fito da makullin mota a hannu, ya tsaya yana kallonsu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tafi.

Ranar Litinin aka kira Tsani ya sa hannu, an ƙara masa shekara ɗaya. Benci ne dai har yanzu, an mayar mini da shi firji, amma na daina ƙorafi. Ƙaramin Koci kuwa an ce ya ci gaba da riƙo kafin a gani, muna yi masa addu'a. Matar Tsani ta kusa sauka, sun ce in namiji ne sunanka za a sa, na ce Allah Ya sa ya ɗauko haƙurinka ya bar bakin kakansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, da Ƙaramin Koci, da yaran da ka bari a benci, Allah Ya ba su haƙuri Ya tsaya musu. Ya Allah, bawanKa ya zo. Shi ma ɗan Adam ne, ba zai rasa abin da ya zubar ba. Mun shaida bai taɓa kama ɗan wani a kan kuskurensa ba, Ka yafe masa nasa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ɗauke shi yana tsakiyar aikin kirki, da daɗin a bakinsa. In tamu ta zo, Ka sa mu ma a kan abin kirki za a cire mu. Amin.