Lambar Kiran Marigayiya

Mai Eriya ake ce masa, saboda dogon ƙarfen da ya kafa a bayan shagonsa na gyaran fanka da dutsen guga. Tun yana saurayi ya ci jarrabawar masu rediyon sha'awa, masu aika wa juna saƙo ta iska, aka ba shi lasisi da lambar kira, 'yan haruffan da duk duniya ba mai irinsu. Dokar abin ita ce, duk saƙon da ka saki a iska sai da lambarka a kai, kuma ba a rufe shi, kowa na iya gani.

Matarsa ungozoma ce, kullum tana hanyar ƙauyuka a wata tsohuwar mota. Da yake waya ba ta kamawa a can, ya lallashe ta ta zauna jarrabawar. Ta ci, har ta fi shi maki, ta daɗe tana yi masa gori. Ya haɗa ƙaramar na'ura ya ɗaure ƙarƙashin kujerarta. Da ta tada mota sai na'urar ta riƙa aika lambarta da inda take, shi kuma ya gani a taswirar kwamfutar shago.

"Wato ƙararrawa ka rataya mini kamar akuya," in ji ta.

"Akuya ai ba ta da lasisi."

Ciwon hanta ne ya yi ajalinta. Wajen rabon gado motar ta faɗa hannun ƙannenta, suka sayar. Shi a lokacin ko abinci sai an tuna masa, balle wata na'ura.

Ran nan da hantsi yana naɗin wayar fanka, ya ɗaga kai, sai ga lambarta a taswira tana tafiya. Ya san abin da ya faru: na'urar na nan ƙarƙashin kujera, wanda ya sayi motar ne ke yawo da ita. Daga ranar ya zama ba shi da aiki sai kallo. Motar ta tsaya ƙofar makaranta, ta wuce kasuwa, da yamma ta koma wani lungu. Fankokin mutane suka taru suna shan ƙura.

Shugaban ƙungiyarsu ta masu rediyo, wanda Mai Eriya ne ya koya wa harkar, ya zo ya zauna a kan benci.

"Yaya, duk mun gani, nauyinka muke ji. Lambar wanda ya rasu ba ta hawa iska."

"Wa take cutarwa?"

"Mai motar. Bai sani ba, amma kowa na ganin inda yake kwana da inda yake sauke 'ya'yansa."

Washegari Mai Eriya ya ɗauki sukurdireba da filaya ya bi taswira har lungun. Mai motar, wani mai sayar da ƙwai, ya saurare shi baki buɗe, sannan ya buɗe masa ƙofa. Mai Eriya ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kujera. Tare da na'urar ya jawo wani ɗan kunnenta da suka taɓa birkita ɗaki suna nema.

Ya yanke wayar.

"Allah Ya jiƙanta, Baba," in ji mai ƙwai. "Shigo in sauke ka."

Ya dubi kujerar gaba, ya ce ya gode, ƙafarsa na son takawa. Sai da ya sha kwana ya sami dakali ya zauna.