Shekarar da Kowa Ya Zo Na Ɗaya a Kwoi

Milka 'yar Baba Gershon ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tana ƙarama ba ta iya riƙe fartanya ba, shi ya sa uban ya tura ta Kafanchan koyon kwamfuta. Da ta dawo, ƙungiyar manoman citta ta ɗauke ta aiki, ni kuma na raɗa mata suna Madam Danna-Danna.

Ta taɓa gwada mini aikin. Wai girbin kowane manomi yana cikin kwamfutar. Sai ta umarce ta ta raba mutane ƙauye-ƙauye, ba a goge sunan kowa ba, amma a gefen kowane suna a ajiye girbin da ya fi yawa a ƙauyensa. Wanda nasa ya yi daidai da wannan, shi ne gwani. Na ce mata wannan ai matata tana yi mini kullum ba lantarki, ta jera ni kusa da Ezekiyel mai babur biyu.

A ɓangarenmu Baba Gershon ne ke fitowa kowace shekara. Har coci yakan shiga yana gyara hula.

Sai wani ciwo ya faɗa wa citta. Ganye ya yi rawaya, ƙasa ta riƙa wari, ka tona ka samu ruɓa. Ko irin shuka ba wanda ya tsira da shi. Wasu masu taimako suka zo suka ce za su ba da iri mai lafiya, amma ga gwani ɗaya a kowane ƙauye, bisa girbin bana. Baba Gershon ya share ɗakin ajiya tun kafin a kira shi.

Milka ta danna. Mafi yawa a ƙauyenmu sifiri ne, kuma kowa sifiri gare shi. Sunaye suka zubo gaba ɗaya, har da nawa. Ta roƙi masu taimakon a duba na bara, suka ce ba haka aka rubuta musu ba, kuma irin ba zai ishi gari ba. Motarsu ta juya da buhunanta.

Da yamma na leƙa ta katanga, na ce a taya ni murna, yau na kamo Baba.

"Ka kamo ni, ɗana," in ji shi. "Sai ka faɗa mini abin da za mu shuka."

Milka tana zaune a ƙofar ɗakin ajiyar, ba ta ɗago kai ba. Na sauko daga kan turmin da na taka.