Mawaƙin da ya kira Kawu Isufu fili

Jama'a, yau a Tanut na ga an kira mamaci ya taso ya yi rawa!

Bikin Hadiza ne, 'yar kawuna Isufu. Kun san rasuwarsa ce ta sa aka ɗage bikin har Inna Rabi, matarsa, ta fita takaba. Ango ya ce ba ya son zabiyar unguwa, ya ɗauko wani mawaƙi daga Damagaram da DJ ɗinsa.

Da la'asar aka fara. Murya zaƙwai, kamar a rediyo! Mata sai guɗa.

Kawai sai muka ji: "Alhaji Isufu, uban amarya, ga ka nan ina ganinka! Taso ka taka!"

Innalillahi! Guɗa ta tsaya cak. Inna Rabi ta miƙe tana waige-waige, ta ce, "Ina yake?" Sai ta zube.

Yayana Sani ya fizge mikro daga hannun mawaƙin. Wallahi bakin mutumin a rufe, amma waƙa ba ta tsaya ba! Ashe tun kafin rasuwar suka ɗauke ta a sitidiyo, shi motsa baki kawai yake yi.

Sani ya ce, "Kashe abin nan!"

Mawaƙin ya ce, "Ka yi haƙuri yallaɓai, DJ ya tafi salla, na'urar a kulle take."

Haka muka ɗauki Inna, Hadiza tana kururuwa. Har muka kai zaure lasifika tana bin mu: "Alhaji taso, iyalinka na jiranka!"