Cokalin Baba Famfo

Baba Famfo muke ce masa, don shekara ashirin da shida ya yi a hukumar ruwa yana gyaran injuna, kuma ko ruwan sha ka miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya duba kafin ya kurɓa. Ma'aikatarsu ce ta turo shi kwas na wata tara a ƙasar waje, aka haɗa mu ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai. Da farko haushinsa nake ji, wallahi. Mutum ya keto hazo ya zo babban birni, amma bai san ko'ina ba sai aji da ɗaki!

Daga baya na gane dalili. Matarsa shekara uku ke nan tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta magana. Shi yake ba ta abinci, kuma yana da tasa hanyar: ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi sau biyu, sannan ta buɗe baki. Da tafiyar ta taso ya so ya ƙi, 'yarsa ta matsa, ta ce in ya bar wannan damar ba zai sake samu ba har ya yi ritaya. Yana tahowa matar ta rufe baki ga kowa. Shi ne suka yi dabara. Kullum ƙarfe ɗaya 'yar za ta kira, ta ajiye waya kusa da kunnen uwar, shi kuma daga nan ya ƙwanƙwasa, ita ta kai cokali. Wata biyar haka suke yi, ko a tsakiyar darasi yake sai ya nemi izini ya fita.

Ran wata Asabar na tasa shi gaba. Na ce, "Haba Baba, in ka koma aka tambaye ka me ka gani, bangon ɗaki za ka ce?" Ya yi dariya, ya zura kofi da cokalinsa a aljihun kwat, muka fita. Mun shiga gidan tarihi, mun hau dogon benen da ake hango gari. A dandalin da ruwa ke tsiri sama kowa yana ɗaukar hoto, shi ya tsuguna yana neman inda bututun ya biyo. Na ce to, an zo wurin aiki.

Jirgin ruwan yawon buɗe ido kuwa ni na dage a kansa. Ya duba agogo, ya ce, "Ɗana, sha biyu da rabi fa." Na ce waya tana kamawa a ko'ina, ya kwantar da hankalinsa. Ban tambaya ba, ashe awa biyu jirgin yake yi ba tsayawa.

Ƙarfe ɗaya kira ya shigo. Inji yana ruri, mai yi wa fasinjoji bayanin gari yana zuba a lasifika kamar an biya shi don ya hana mu ji. Baba ya koma lungu, ya manna waya da kofin, ya ƙwanƙwasa. Ya sake. Muka shiga ƙarƙashin gada, kiran ya yanke. Aka sake kira, wata gadar ta zo. Gada bakwai na ƙirga, ina jin kamar in faɗa ruwan don kunya. Na je na roƙi mai bayanin ya yi shiru na minti biyar, ya yi mini murmushi ya ci gaba da labarin wani gini. Baba ya mayar da kofin aljihu, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna sauka ya samu benci a wurin da ba hayaniya, ya kira. Ya ce wa 'yar, "Yi haƙuri, ƙarar jirgi ce. Kai mata wayar." Ya ƙwanƙwasa sau biyu, a hankali, yadda ya saba. Sai muryar 'yar ta fito, ina jin ta daga inda nake zaune.

"Baba, ba jirgin ba ne. Yau kwana uku ke nan ba ta buɗewa, ɓoye maka nake yi. In ta ji ƙarar sai ta dubi hannun da ke riƙe da cokalin, ta ga nawa ne, ta juya kai."

Mutane suna ta wucewa da 'ya'yansu, ana shan askirim. Saura wata huɗu kwas ya ƙare, kuma bizarsa ta shiga ƙasar sau ɗaya ce, in ya fita ba dawowa.

Can ya ce wa 'yar, "Sake kai mata." Ya gyara riƙon kofin, ya ɗaga cokali, hannunsa yana karkarwa har ƙarar ta fita sau uku maimakon biyu.